Majo Ya Ce Mo-a-mo

Majo Hamani ya kira ni maƙaryaci a gaban 'yan istaj masu koyon aikin jinya, a gaban Dakta Fadimata, a gaban wata Bafillatana mai riƙe da jariri. Bai tsaya nan ba, ya cire ni daga ɗakin duba marasa lafiya ya kai ni bakin ƙofa, ina buɗe wa motoci ina korar awaki. Abin da aka yi mini ke nan. Na sa shi a sama don wanda karatu ke gajiyar da shi ya karanta wannan kaɗai ya tafi da shi.

Sunana Gado, Ba'are ne ni, mutumin Junju. Lakwal na yi ta har ajin ƙarshe na firamare, na faɗi jarrabawa, mushe malaminmu ya ce kaina ba ya riƙe lissafi. Gaskiya ya faɗa. Amma kan nan yana riƙe da Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fillanci da Faransancin da ya ishi asibiti. Da su na yi wa likitoci tafinta a wani gidan likita a nan Gaya, tun ina saurayi har furfura ta cinye mini gemu. Majo kuwa, ga wanda bai sani ba, shi ne babban anfirme, wato shugaban ma'aikatan jinya, shi ke cewa wane ya tsaya nan, wane ya koma can.

Ku 'yan istaj da kuka yi dariya ran nan, ku nake yi wa rubutun nan. Ina jin abin da kuke faɗa a gindin mangwaro in kuna cin soyayyen kifi. Wai aikin Baba Gado ma aiki ne? Wai duk wanda ya tashi a Gaya yana jin harshe uku, ko akuyar tasha tana jin 'yar Fillanci. To ku gyara zama.

Likitan da na fara yi wa aiki shi ne Dakta Kiyari, Babarbare daga can gabas, wanda ya yi karatu a Dakar. Lokacin ina yawon bakin duwan, wato kwastan, ina shiga tsakanin direbobin kamyo, manyan motocin kaya, da masu kaki in magana ta sarƙe. Wata rana taya ta faɗo wa wani direban Malanbil a ƙafa, muka ɗauke shi muka kai asibiti. Direba na ihu da Dandanci, likita na tsawa da Faransanci, ni ina tsakiya ina juya musu. Da aka gama ɗaure ƙafar, likitan ya dube ni ta saman tabarau ya ce da Hausarsa mai nauyi, "Kai wane iri ne?"

Na ce, "Ba'are."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Na baro gida ban taho da bawa ba, ga shi Allah ya ajiye mini ɗaya a bakin gada."

Na ce, "Babarbare da wuƙa a hannu? Allah ya tsare Gaya."

Ya yi dariya har tabarau ya zame. Kun san wasan da ke tsakanin Arawa da Barebari. Da wannan zagi na sami aiki, ba da takarda ba.

A makon farko aka kawo wani Basarke mai kamun kifi, ƙato, tari ya hana shi sakat. Dakta ya sa tafin hannu a bayansa ya ce, "Dit tarant-turwa." Na juya na ce wa mutumin da Dandanci, likita ya ce talatin da uku. A lokacin allura ba yarwa ake yi ba, dafa ta ake yi, kuma ga tukunyar nan a gefe tana tafasa, allurai sun yi jere a ciki kamar ƙananan kifi. Basarke ya dubi tukunya, ya dube ni, ya ce, "Duka yau?"

Na ce, "Dakta, yana tambaya, duka yau?"

Dakta ya ce, "Yau mana, yanzu-yanzu, ya yi sauri, akwai mutane a waje."

Na faɗa masa. Ban taɓa ganin mutum mai wannan girma ya bi ta taga mai wannan ƙanƙanta ba. Takalmansa da hularsa ya bar mana. Sai a bakin kogi muka same shi yana kwance jirginsa zai haye Benin.

Laifin ba nawa ba ne, na Faransanci ne. Dakta ya kama hannuna ya ɗora a nasa bayan, ya ce tarant-turwa, na ji ƙirjinsa na rawa ƙarƙashin tafina. Ashe ba lissafi yake so ba, girgizar ƙirji yake saurare. Daga ranar na daina cewa kowa talatin da uku. Sai in ce, "Baba, ce Bengu, Bengu." Bengu gari ne a nan kusa, sunansa na girgiza ƙirji fiye da kalmar Nasara. Mutanen Tanda ne kawai suka ba ni wahala, wai don me ba za a ce Tanda ba. Na ce musu Tanda ba ta girgiza komai.

Kayan aikina ba su da yawa. 'Yar kujerar katako gajera, don kada kaina ya fi na mara lafiya tsawo, kada kuma ya kai na likita. Goro a aljihu, don akwai tsohon da bakinsa ba ya buɗewa sai an ɓara masa. Sai lokutan salla. Likita zai ce a sha ƙwaya sau uku a rana, manomin gero ya je gida ya haɗiye uku a tashi ɗaya don ya huta. Ni sai in ce ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan azahar, ɗaya bayan lisha, kuma ranar da ka ji sauƙi ba ranar dainawa ba ce, sai takardar ta zama fanko. Likita bai ambaci asuba ba. In ƙarya ce wannan, to na yi ta fi a ƙirga.

Akwai kuma sanin wanda za a fitar daga ɗaki. Wannan rabin aikin ne. Mace ba ta faɗin ciwonta gaban ƙanen miji. Dattijo ba ya faɗin nasa gaban 'yarsa. Bafillace ba ya faɗin nasa gaban kowa, har da kansa. Zai shigo da ƙaho a cinya ya ce maka "jam tan", lafiya lau, wai ya biyo ne ya gaishe da likita. Ni da Fulani ma akwai wasa, sai in ce, "Kai ɗan daji, saniyarka ta fi ka hankali, ita in ta ji ciwo tana kuka." In ya rama zagin, to baki ya buɗe, sai mu shiga magana.

Dakta Kiyari shi kaɗai ne likita a wannan yanki tsawon shekaru. Shi ke yanka, shi ke cire haƙori, shi ke shiga ɗakin haihuwa in ta gardama, in injin wuta ya mutu shi ke cire farar riga ya kwanta ƙarƙashinsa. Iyalinsa suna Yamai saboda karatun yara, shi yana nan yana cin shinkafa da wake a tsaye. Hannunsa na da taushi, bakinsa kuwa busasshe ne ƙayau. Bai iya "sannu" ba. Mutum ya taho tun daga Junju a kan amalanke, kafin ya gama sallama Dakta ya ce, "Ina ke ciwo?" Ni ke biyan bashin gaisuwar. In tambayi gida, in tambayi damina, in tambayi gajiyar hanya, duk da sunan likita, shi kuwa yana can yana wanke hannu yana harara ta. Har yau akwai tsofaffi a ƙauyuka da ke cewa ba a taɓa yin likita mai ladabi kamar Kiyari ba. Ladabin nan a bakina aka ƙera shi.

Wata shekara aka aiko mana wani Nasara ya taimaka da aikin gwaiwa, don manoman shinkafa da masu dako sun cika mana layi da ita. Sunansa ya gagari kowa, aka sa masa Dakta Sannu, saboda ita ce kalmar da ya fara koya, kuma yana faɗa wa kowa, har jakin da ke ɗaure a bakin ƙofa. Gwanin ɗinki ne na gaske. Wanda ya yi wa aiki sai ka nemi tabon da fitila. Ya ɗauki Hausa da zafi, yana yawo da ɗan ƙamus a aljihu. Rannan wata mata ta zo da ciwon mara, ya tambaye ta da kansa, ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba na salla ne." Ya buɗe ƙamus, ya rufe, ya dafa ƙirji ya ce mata da Faransanci shi ba ruwansa da addinin kowa, mai salla da marar salla duk yana dubawa. Na bari ya gama wa'azinsa, sannan na raɗa masa abin da take nufi. Kunnuwansa suka yi ja kamar tattasai.

Da safe yana zagaya gadaje yana cewa, "Yaya jiki?" kowa na amsa masa, "Da sauƙi." Sai ya fito yana murna wai kowa ya warke. Na ja shi gefe na ce, Dakta, mutumin nan ko yana shaƙuwar mutuwa "da sauƙi" zai ce maka, don faɗin akasin haka kamar kai ƙarar Allah ne. Ka dubi wanda ke jinya. In ta ce da sauƙi tana kallonka, da sauƙin ne. In ta ce da sauƙi tana kallon ƙasa, ka buɗe bandejin. In ta ce "an gode Allah" kawai, ka kira Kiyari. Bai yi fushi ba. Mutum ne mai son koyo, ya kuma koya mini yadda ake gane ɗinkin da ya fara ruwa tun daga wari. Da zai tafi, na ce masa yaya ya ga Gaya, zafinta da sauronta. Ya dubi ƙasa ya ce, "Da sauƙi." Daga nan na ji an ce ya wuce wata ƙasar da ake yaƙi, can ma yana ɗinki.

Mummunar shekararmu ita ce ta amai da gudawa. Kogi ya cika ya shiga rijiyoyi, mutane suka riƙa zubewa kamar an sare dawa. Aka kafa rumfuna a bayan asibiti, gadaje masu huda a tsakiya, bokiti a ƙasa. Majo Hamani lokacin ƙaramin anfirme ne, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi aiki. Yana samun jijiya a hannun da ya bushe kamar kara. A kwano ɗaya muke cin abinci ni da shi, in an sami lokacin ci.

Sai labari ya bazu a ƙauyukan bakin kogi wai wanda ya mutu a rumfa ba a ba danginsa su yi masa wanka. Mutane suka fara ɓoye marasa lafiya a cikin ɗaka. Dakta Kiyari ya ɗauke ni a mota muka je wani ƙauye da ba zan ambata ba. Maigari na zaune da dattawa a ƙarƙashin giginya. Dakta bai zauna ba, bai cire takalmi ba, ya ce da Faransanci, "Gaya musu in suka ci gaba da ɓoye mutane duk za su mutu. Ambesil." Ambesil wawaye ke nan.

Na cire takalmina, na durƙusa. Na gai da maigari, na gai da liman, na yi ta'aziyyar waɗanda aka rasa ɗaya bayan ɗaya. Na ce likita ya baro marasa lafiya a kwance ya taho da ƙafarsa saboda girman garin nan a idonsa. Na ce ya san ba ƙin asibiti kuke yi ba, tsoron a binne naku ba wanka kuke yi, kuma wannan tsoron na musulmin kirki ne. Na ce yana roƙon liman ya ba mu mutum biyu da za a koya wa wanka da ruwan magani da safar hannu, su riƙa yi a can, da salla da komai. Wannan na ƙarshe ban ji shi daga bakin Dakta a ranar ba, amma na taɓa jin yana faɗa wa anfirmomi cewa da za a sami masu yi, da ya yarda.

Na daɗe ina magana. Dakta ya taɓa ni da ƙafa ya ce, "Ba'are, duk wannan daga ambesil ɗina guda ɗaya?"

Na ce, "Dakta, ambesil a Dandanci doguwa ce."

Kafin mu tashi aka fara fito da mutane daga ɗakuna a kan tabarmi. A hanya na faɗa masa alkawarin da na yi da sunansa. Sai da muka wuce gonakin rake ya ce, "Gobe ka kawo mini mutum biyun. Kuma in ka sake yi mini alkawari ban sani ba, zan cire maka gwaiwar da ba ka da ita." Ciwon ya kama shi shi ma kafin shekarar ta fita. Ya kwanta a gado mai huda kamar kowa, Hamani ne ya sa masa ƙarin ruwa. Ya tashi, amma bai sake cika rigarsa ba. Bayan 'yan shekaru aka ɗauke shi zuwa Yamai aka ba shi ofis da teburi, abin da ya tsana. Da ya yi ritaya ya koma garinsu, can ya rasu. Allah ya jiƙan Babarbare. Bai taɓa ce mini na gode ba, bai kuma taɓa ce mini maƙaryaci ba.

Likitoci da yawa sun zo sun wuce bayansa. Wani ya yi shekara biyu ya tafi ƙarin karatu bai dawo ba. Wani ya buɗe kilinik a Yamai ya yi tumbi. Wani ya auri 'yar Gaya, yana nan har gobe, ya fi ni Dandanci yanzu. Gaya wurin koyon hannu ce, in hannun ya nuna sai a kai shi birni. Ta ƙarshe ita ce Dakta Fadimata, 'yar Abzin, yarinya siririya mai kaifin ido. Hausarta ta Agadas ce, ba ta bukatata a nan, amma Dandanci da Fillanci ko "zo" ba ta sani ba.

Ba ta daɗe da zuwa ba Majo ya tafi wani taron ƙara wa juna sani a Doso. Ya dawo da jaka mai tambari da kalma guda a baki: mo-a-mo. Wato kalma da kalma. Wai an koya musu tafinta bututu ne, abin da ya shiga ta nan shi zai fita ta can, ba ƙari ba ragi. Yana faɗin mo-a-mo a ofis, yana faɗa a baranda, mai shara ma ya ce ya ji shi yana faɗa a makewayi.

Ranar da abin ya faru, Bafillatanar nan ta shigo da jariri jikinsa zafi rau. Dakta ta tambayi abin da ya same shi. Matar ta fara tun daga saniyarsu da ta yi ɓari, ta biyo ta ƙaurar da suka yi daga fadama, da ruwan da ya dake su a hanya, da ƙanwar mijinta da ta ce iska ce. Ina saurare ina tsince. Da ta gama na ce, "Zazzaɓi tun shekaranjiya, ya daina kama nono, jiya ya yi fisga." Dakta ta miƙe tsaye ta karɓi yaron.

Majo na jingine da ƙofa, 'yan istaj a bayansa. Ya ce, "Gado, matar nan ta yi magana mai tsawo. Ina sauran?"

Na ce, "Sauran na saniya ne, Majo. In likitan dabbobi ya zo sai in ba shi."

Yara suka yi dariya, kuma ina jin dariyar nan ce ta ƙona shi. Ya juya gare su ya ce, "Kun gani? Wannan ba tafinta ba ne, maƙaryaci ne. Shekara da shekaru yana sa wa likitoci magana a baki, yana cire wa marasa lafiya tasu." Sai dariyar ta juyo kaina. Dakta Fadimata na can tana neman jijiya a kan jariri, ba ta ɗago ba. Washegari aka ce in koma ƙofa, 'yan istaj masu jin harshe za su riƙa fassara, mo-a-mo.

Aikin ƙofa ba wuya. Ka buɗe, ka rufe, ka ce wa mai kabu-kabu ya kashe mashin, ka ce wa mai tallan muruci nan ba kasuwa ba ce. Awakin unguwar duk sun san ni, akwai wata ja da muke gaisawa. Tsofaffin da suka saba da ni in sun zo sai su tsaya su fara faɗa mini ciwonsu a bakin ƙofa, in ce su wuce ciki, an sa sabon bututu. Majo na wucewa a kan mashin safe da yamma, in buɗe masa, ya dubi gaba, in dubi sama. Damina ta wuce muna haka.

Rannan da hantsi sai ga wani tsoho ya fito daga ɗakin duba, a duƙe, hannu ɗaya a mara, ɗaya riƙe da sanda, yana jan ƙafa yana zagi da Dandanci. Na gane shi. Alfa Sumana ne na Tanda, manomin shinkafa, uban matar Majo. Bayansa matarsa, tsohuwa, da 'yarsa suna share hawaye. Can baya kuma Majo, yana biye ba ya matsowa, kamar mai kiwon da ke tsoron bijimi. Ya kewayo ta bayan motar asibiti ya iso wurina yana haki.

"Gado, rufe ƙofa. Don Allah kada ka bari ya fita."

Na ce, "Aikina buɗewa ne, Majo. Me ya faru?"

Ya rage murya. Fitsari ne ya ɗaure wa tsohon tun jiya, mara ta kumbura kamar tulu. Dakta ta yi tambayoyinta, wani ɗan istaj ya juya su mo-a-mo, da sunan kowace gaɓa tsirara, a gaban matarsa da 'yar cikinsa. Da aka kai wurin da za a sa yatsa da wurin da za a sa tiyo, tsoho ya ce a ba shi sandarsa, gara ya fashe a gonarsa.

Na ce, "Kai ba Dandanci ka sha a nono ba? Je ka faɗa masa."

Ya ce, "Gado, ka san ko sunansa ba na iya kamawa. Ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. In ce masa me?"

Na ce, "Mo-a-mo."

Tsoho kuwa ya kusa isowa, gumi na zuba daga haɓarsa. Ba don Majo ba, don marar nan, na tura ƙofa na sa sakata. Na durƙusa na gai da Alfa, na tambayi Tanda, na tambayi shinkafa ko ta fara kai. Ya ce in buɗe masa ko ya buɗe mini kai. Na ce zan buɗe, amma ya ɗan zauna a inuwa in samo masa amalanke. Na ce wa tsohuwa da 'yarta su je bakin titi su nemo kunu mai zafi, kada su dawo sai na aika. Na ce wa Majo ya ɓace. Sannan na ɓara goro.

Na ce, "Baba, in ruwa ya cika falar shinkafa, bakin kanal ya toshe, me kake yi?"

Ya ce, "Sai a zura kara a buɗe. Wannan ma tambaya ce?"

"In an bar shi fa?"

"Ganuwa ta fashe, a yi asarar shuka."

Na ce, "To shi ke nan abin da yarinyar nan ta ce. Yaron ne bai iya magana ba."

Ya ce, "Sa'ar jikata ce fa. Mace."

Na ce, "Daga Abzin ta zo, Baba. Ba ta san kowa a Tanda ba, ba ta jin kalma ɗaya ta bakinka. Ni kuma bango zan kalla."

Ya tauna goro ya daɗe. Wani murɗa ya taso masa, ya damƙe hannuna har na ji ƙashi. Da ya lafa ya ce, "Ɗaga ni."

A ciki na kori kowa, daga ni sai shi sai Dakta. Ta yi tambayoyinta ɗai-ɗai, na kai masa su a lulluɓe, na dawo mata da amsa a buɗe. Hannunta ya tuna mini na Kiyari, ba gaggawa ba jinkiri. Da tiyo ya shiga, ruwa ya fara sauka a roba, tsoho ya saki wata ajiyar zuciya ya yi hamdala. Sai ya ɗago ya dubi labulen taga, ya jawo ni kusa ya yi mini magana ƙasa-ƙasa, sunan Hamani kaɗai ya fito da ƙarfi. Dakta ta ce, "Baba Gado, me ya ce?" Na ba ta amsa. Ta ce, "Allah sarki, mutanen Gaya ma ashe ana samun na kirki." Ta ce za a kwantar da shi, daga baya a tura shi Doso a duba abin da ya toshe hanyar.

Na fito na tarar da Majo a baranda, 'yan istaj sun yi cirko-cirko. Bai dube ni ba, ya ce wa bango, "Gobe ka koma ciki." Na yi kamar zan wuce, ya riƙe mini hannun riga. "Na ji ya kama sunana. Me ya ce?"

Na ce, "Wace fassara kake so, irin tawa ko irin ta Doso?"

Ya dubi yaran. Ba hanyar ja da baya. Ya ce, "Faɗi yadda ya faɗa."

Na gyara murya don na bayan su ma su ji. Na ce, "Ya ce, wancan Hamanin, ga inuwar kunnuwansa nan a labule. Bai da zuciyar shigowa, bai da kunyar yin nisa, ya laɓe yana sauraren fitsarin uban matarsa. Ya ce da ya sani, da mai jirgin nan da ya fara neman 'yarsa ya ba, shi aƙalla ya san abin da ake yi in ruwa ya yi yawa. Wannan ita ce mo-a-mo, Majo, ban ƙara ba ban rage ba. Ita Dakta kuwa, ce mata na yi tsoho yana sa wa surukinsa albarka. Tana ciki yanzu tana ganin girmanka, kuma da ƙaryata take ganinsa. In ba ka so, ga ƙofa nan a buɗe. Wuce gaba mu je in gyara mata."